Jinin farauta a bayan motar da kowa ke hawa

Watan Nuwamba lokacin farautar barewa ne a nan jihar Karolina ta Arewa, a Amurka. In ka fita daga Girinsboro da asuba za ka yi ta cin karo da motoci masu buɗaɗɗen baya sun nufi daji, mutanen ciki sanye da huluna masu ruwan lemu don kada ɗan'uwansu maharbi ya ɗauke su dabba. Shekarata ta uku a garin nan wani dattijo maƙwabcina ya gayyace ni in raka shi, da ya ji na ce gidanmu a ƙasar Madarunfa, can Nijar, gidan mafarauta ne. Harbinsa bai ba ni mamaki ba, na ga waɗanda suka fi shi hannu da adaka. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ya ɗauko barewar daga inda ta faɗi har ƙofar gidansa, ɗigon jini ɗaya bai taɓa motarsa ba.

Tun a dajin ya farke cikin, ya fitar da kayan ciki, ya kifa ta a gangare jinin ya tsiyaye. Yana da wani kwami na roba mai zurfi, dogo kamar ƙaramin kwalekwale, a ciki ya ja ta har bakin mota, kuma a cikinsa ta zauna har gida. Ya cusa ledojin ƙanƙara biyu a ƙirjinta. Safar hannun da ya yi fiɗa da ita, da wuƙar, da takalman da ya taka jini da su, duk ya zuba a wani bokiti mai murfi kafin ya taɓa sitiyari. Da muka iso, kwamin nan kawai ya sauke ya wanke da ruwan sanyi. Kafin in gama shan shayin da matarsa ta kawo, ya gama.

Ina tsaye ina kallonsa, amma hankalina ya koma wata ranar rani a gida.

Kawuna yana da tsohuwar Hilux, ita kaɗai ce mota a ƙauyenmu a lokacin. Ita ke kai gero da wake kasuwar Maraɗi, ita ke ɗauko amarya, ita ke kai gawa in an yi rasuwa a birni. Wata Asabar samarin gari suka are ta zuwa farauta wajen dajin Baban Rafi. Suka dawo bayan magariba da zomaye, da zabin daji, da gada guda, an jibge su a bayan motar tare da karnuka da gorori. Aka yi rabo, aka yi murna, kowa ya kama gabansa. Motar ta kwana yadda take. Washegari rana ta buɗe mata, irin ranar watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40. A daren Lahadi naƙuda ta yi wa ƙanwata gardama, ungozoma ta ce sai likita. Muka shimfiɗa tabarma a kan busasshen jini da gashin zomo, muka kwantar da ita. Ƙarni ya sa ta amai tun kafin mu hau kwalta. Innarmu da ke riƙe da kanta ta cire kaska biyu daga zanenta a hasken tocila. Allah ya sauke ta lafiya, yaron yanzu yana makaranta. Ni dai har yau in na ji ƙarnin jinin da ya kwana, daren nan nake tunawa.

Da na yi wa Kawu magana bayan kwana biyu, cewa ya yi, "Ɗana, ai jinin halal ne, da bismilla aka yanka." Na ce, "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, naman ne halal. Jinin da ya kwarara fa?" Ya yi shiru, don ya fi ni sani. Aya ta 145 a Suratul An'am ta ambaci jini mai kwarara cikin abubuwan da aka haramta, kuma duk wanda ya zauna gaban malamin zaure a Maraɗi ya ji cewa a mazhabar Malikiyya najasa ne, ba ya gushewa a hukunce sai da ruwa tsantsa. Mutumin da ba zai yi salla da ɗigonsa a riga ba, shi ne zai zauna a kansa daga Ɗan Isa har Maraɗi, ya sauka ya shiga sahu. Wannan ne ke ci mini rai. Maƙwabcina na nan bai taɓa jin kalmar najasa ba. Motarsa yake so, yana kuma tsoron ɓacin nama da hukuma. Mu da aka koya wa tsarki tun muna riƙe da allo, ya kamata a ce mu ne ake koyi da mu a wannan fanni.

Ba ƙazanta ce ta gado ba, kuma ba zan yarda wani ya ce haka ba. Kakanninmu maharba suna da tsari mai tsauri. A ƙasa suke tafiya, abin da aka kashe a kafaɗa ko a sanda ake rataye shi, iska na dukansa, jini na zuba a ƙasa inda rairayi zai shanye. In tafiyar kwana ce, a dajin ake babbaka, a yi banda, nama ya iso gida a ƙyafe. Ba a shiga ɗakin mata da kayan daji. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma ni a wurina karin maganar nan tana nuna cewa ɗaukar nama aiki ne mai zaman kansa, da mai shi da nauyinsa. Abin da ya faru shi ne mota da babur sun shigo farauta a zamaninmu, ba su zo da ladabinsu ba. Sarkin dawa yana da hukunci a kan wanda ya fara jifa da wanda karensa ya kama, yana da hukunci a kan rabo, amma ban taɓa jin an ce ga hukuncin wanda ya mayar da motar aro da jini ba.

Akwai bambancin da ya sa nake ganin maganar ta fi zama dole a gare mu fiye da su. Ba'amurke maharbi sau da yawa motar tasa ce shi kaɗai, in ta yi wari shi ta dama. Tamu ta gari ce. Bayan Hilux ɗin da ya ɗauko gada jiya, yau buhunan gero ne a kai, gobe mata ne da jarirai za su biki Tibiri, jibi maras lafiya. Babur ɗin da aka ɗaure zomaye a bayansa, Litinin kabu-kabu ne, ɗaliba za ta hau da farin hijabi. Wanda ya bar jini a wurin, haƙƙin mutanen da bai ma san su ba ya ɗauka.

Kuma abin ya wuce wari. Kaska da ƙuma suna barin jikin dabba da zarar ya fara sanyi, su nemi wani jiki mai ɗumi, su laɓe a tsagin ƙarfe da ƙarƙashin tabarma. Akwai zazzaɓi mai sa zubar jini da kaska ke ɗauka, wanda likitoci ke kira na Kirimiya da Kongo, ana kuma kamuwa da shi ta taɓa jinin dabbar da ke ɗauke da shi. Ba mu manta da 2016 ba, lokacin da zazzaɓin Rift ya kashe mutane a Cintabaraden da Tasara cikin jihar Tawa, kuma makiyaya da masu taɓa jini da naman dabbobin da suka kamu su ne abin ya fi shafa. A nan ma suna da tasu masifar. A watan Maris na 2022 aka tabbatar da wata cuta mai cinye ƙwaƙwalwar barewa a gundumar Yadkin, yamma da mu kaɗan, nan take hukumar kula da namun daji ta jihar ta hana fitar da gawar barewa sukutum daga yankunan da abin ya shafa. Ga doka kuma tun da can: kafin ka ɗaga barewa daga inda ta faɗi sai ka yi alama a katin da aka ba ka tare da lasisi, sannan ka kai rahoto. Mu ma a Nijar muna da dokar farauta, mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilun 1998, da ma'aikatan gandun daji masu tsaron ta. Sai dai ma'aikacin gandun daji ba zai bi kowa gida ya duba bayan motarsa ba, kuma bai kamata a jira shi ba.

To amma kada wani ya ji wannan ya ce a kwaso tsarin Amurka a kife a Maraɗi. Zanen aro ba ya rufe katara. Su da sanyi suke farauta, wani lokaci raɓa ta daskare a kan ciyawa. Mu da rani muke fita, bayan an kawar da amfanin gona. Na ga wani ɗan'uwa da ya kalli bidiyonsu a waya ya naɗe gada cikin baƙar leda ya ƙulle bakin don kada ta ɓata masa mota. Motar ta tsira, naman ya yi kore kafin la'asar. Nama mai ɗumi in aka toshe shi gumi yake yi, kuma tsakanin digiri 4 da 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, wato duk yinin ranar farautarmu. Leda ko tamfol a ƙasa ake shimfiɗa su, a ɗaga gefunansu su zama kamar kwano, ba a kan nama ba. Abin da ya dace da naman shi ne buhun algarara, wanda iska ke ratsawa, a yayyafa masa ruwa ya riƙa sanyaya shi a hanya kamar yadda ake yi wa tulu. Wanda ke da hali ya sayi ƙanƙara a birni tun da safe ya zuba a kula.

Sa'ar da muka yi, in sa'a ce, abin da muke ɗaukowa yanzu ƙanana ne. Manyan namun da tsofaffi ke ba da labari sun ƙare a kudancin jihar Maraɗi, abin da ya rage sai a wurare irin su gandun Gadabeji a ƙasar Dakoro, wanda aka keɓe tun 1955, inda aka kai raƙuman dawa takwas daga Kure a 2018, kuma can ba wurin farauta ba ne. Baban Rafin ma yanzu ƴan bindiga sun sa ba kowa ke kutsawa ciki ba. Zomo, fakara, zabo, gafiya, damo, in an dace gada. Duk wannan babban baho ɗaya na roba, irin wanda mata ke wanki da shi, ya ishe shi. Rabin jarka da aka yanke a tsaye ta ishi mai babur. A zuba busasshen rairayi ko toka a ƙasan bahon su tsotse abin da ya tsiyayo, a farke ciki tun a daji, karnuka su zauna gefe guda ba a kan nama ba. Babu abin da za a yi odarsa daga waje.

Wajen wanki ne na ga mutane da yawa suna kuskure da kyakkyawar niyya. Suna tafasa ruwa, a ganinsu ya fi kashe ƙazanta. Ruwan zafi dafa jini yake yi, ya manne kamar ƙwai a kasko, musamman a kan kujera ko darduma. Ruwan sanyi ne farko, kuma a ranar, kafin ya bushe. Sai omo da buroshi, a bi lungunan da jini ke taruwa, wajen maƙalan ƙofar baya da ramukan da ruwa ke fita, don can ne tsatsa ke farawa, can ne kuma ƙuda ke yin tsutsa. Bayan an ɗauraye ne jabel, wato ruwan bilic, ke da amfani, kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, a bar shi ɗan lokaci sannan a sake ɗaurayewa da ruwa zalla, saboda yana cin ƙarfe in ya zauna, kuma wannan ɗauraya ta ƙarshe ita ce ta tsarki. Kada a gauraya jabel da wani maganin wanki, hayaƙinsa guba ne. A zubar da ruwan wankin a rami nesa da rijiya da inda yara ke wasa. In an kai wa yaran da ke wankin mota a bakin titi, a gaya musu jinin dabbar daji ne, a saya musu safar hannu. Yawancinsu hannuwansu duk tsaga ne saboda omo, kuma ta tsagar fata cuta ke shiga.

Na san abin da wasu za su ce, ruwa da wuya da rani, mutum ya yini yana gudu a daji ya dawo a gajiye. Gaskiya ne, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Shi ya sa nake nanata bahon. Wanke baho bokiti ɗaya ne, wanke bayan mota da jini ya kwana a kai jarka uku ba ta isa, kuma warin ba ya fita duka.

Bara da na je gida na samu Sarkin dawanmu a ƙofar gidansa bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, alfarma na zo nema. In za a fita bana, a sa cikin sharuɗɗa cewa wanda ya aro mota shi ne maratayi, ba ya karɓar kasonsa sai ya mayar da ita a wanke." Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya tambaye ni ko maganar Turawa ce na kawo. Na ba shi labarin daren ƙanwata, wanda ashe bai taɓa ji ba, ko da yake ɗansa na cikin waɗanda suka ari motar. Bai ce mini e ba, bai ce a'a ba, ya ce zai tara yaran. Kafin in taso na sayi baho biyu da tamfol a babbar kasuwar Maraɗi na bar su a zauren Kawu, kusa da inda ake rataye makullin motar.