Da farashin dila Medicare ke biyan ƙananan ɗakunan gwaji

Jama'a, akwai rigimar da aka daɗe ana yi a Amurka kan kuɗin gwaje-gwajen asibiti, kuma a ganina hukuma da 'yan majalisa duk sun yi wa lamarin riƙon sakainar kashi.

Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya da ke kula da masu shekara 65 zuwa sama, ita ke biyan ɗakunan gwaji kuɗin awon jini da fitsari na waɗannan dattawa. Tun 1984 aka kafa jadawalin farashin. A 2013 ofishin babban mai bincike na ma'aikatar lafiya ya gano cewa a gwaje-gwaje 20 da suka fi cin kuɗi ko aka fi yawan yi, Medicare na biyan kashi 18 zuwa 30 cikin ɗari sama da sauran masu inshora. To wa zai ce kada a gyara? Kuɗin haraji ne. Shi ya sa majalisa ta yi dokar PAMA a 2014, ta ce a tattaro abin da kamfanonin inshora masu zaman kansu ke biya, a ɗauki na tsakiya ya zama farashin Medicare. Har nan ban da ja.

Wajen tattarowar aka yi ɓarna. Hukumar CMS, mai gudanar da Medicare, ta tsara ƙa'idar ta yadda ko kashi 1 cikin ɗari na ɗakunan gwajin ƙasar ba su kai ba waɗanda suka ba da bayanan wata shida na farkon 2016. Yawancin na asibitoci, waɗanda aka fi biya da tsoka, an bar su a waje. Sai alƙaluman manyan kamfanoni irin Quest Diagnostics da Labcorp suka rinjayi lissafin, alhali su araha suke yi wa masu inshora saboda ɗimbin samfurin da ke ratsa injinansu kullum. An ɗauki farashin dila an ɗora wa mai ɗan tebur ke nan.

Daga 2018 zuwa 2020 aka riƙa zaftare har kashi 10 kowace shekara. Gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini ya sauko daga dala 10.66 zuwa 7.77. Na A1c, wanda masu ciwon suga suka dogara da shi, daga 13.32 zuwa 9.71. Ku yi tunanin ma'aikaciyar da ke tuƙi tun asuba zuwa gidan kula da tsofaffi a ƙauye, ta lallaɓa tsohuwar da jijiyarta ke ɓuya, ta sa kwalabe a akwatin sanyi ta juyo don likita ya ga sakamako kafin yamma. Fetur, albashi, sinadarai, duk a cikin 'yan dalolin nan? Ga shi Medicaid, inshorar marasa ƙarfi, doka ta hana ta biyan fiye da Medicare a kan gwaji, don haka ita ma ragin ya bi ta kanta.

(Ba wai ina yi wa manyan kamfanonin kuka ba ne. In suna kiran "marasa lafiya", aljihunsu ma suke karewa, kuma ƙaramin ɗakin gwaji in ya durƙushe sau da yawa su ke saye shi.)

Ƙungiyar ɗakunan gwaji, ACLA, ta kai ƙara a 2017. A 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta Washington ta yarda an yi ƙa'idar ba bisa hujja ba, amma farashin bai motsa ba, domin dokar ta hana kotu taɓa shi. Majalisa kuwa daga 2021 har 2025 ɗage ragin da zai iya kaiwa kashi 15 da ke jiran gwaje-gwaje kusan 800 kawai ta riƙa yi, shekara bayan shekara. An kawo ƙudurin SALSA a 2022 don a riƙa ɗibar bayanai daga kowane irin ɗakin gwaji, manya da ƙanana da na asibiti, bai zama doka ba. Mai ɗakin gwajin da bai san nawa za a biya shi a Janairu ba, ta yaya zai ci bashi ya sayi sabon inji ko ya ɗauki ma'aikaci?