Ranar da na zare katin memori a gaban mijin Anti

Wayata giga 32 ce, kuma ta cika har wuya, ko hoto na ɗauka sai ta ce babu wuri. Na nemo katin memori mai giga 64 na zura, ta nuna min 59 da ɗoriya. Wannan ba cuta ba ce, masu kati da 1000 suke lissafi, wayar tawa kuma da 1024. Na zauna kwasar manhajoji daga wayar zuwa katin.

Hanyar farko tana nan tun Android 2.2 na 2010. Ka shiga setin, ka buɗe jerin manhajoji, ka taɓa wadda kake so, ka shiga wajen ma'adanarta, in da rabo ka ga maɓallin canza mata wuri. In ba ka gan shi ba, wanda ya ƙera manhajar ne bai ba da izini ba. Waɗanda suka zo da wayar ba sa motsi. WhatsApp, wadda ta cinye min rabin gida, ita ma ba ta motsi. Waɗanda suka yarda ɗin ma gangar jiki suke turawa su bar kayansu a ciki, kuma biyu daga cikinsu ana sabunta su suka dawo gida abinsu. Awa guda ina fama, abin da na samu bai kai giga ɗaya ba.

Sai na koma hanya ta biyu, wadda ta zo da Android 6 a 2015. Ba kowace waya ke da ita ba, tawa dai tana da ita. Ka yi wa katin fomat, wato ka goge shi ka sake tsara shi, a matsayin ma'adanar cikin waya, ya zama shi da ita abu guda. Tana gamawa ta gwada saurin katin, ta ce min ba shi da sauri. Da gaskiyarta, don babu alamar A1 a jikinsa, kuma ita ce alamar katin da aka yi don ɗaukar manhajoji: karatu 1500, rubutu 500 na ƙananan bayanai a daƙiƙa guda. Na ce ta ji da kanta. Na tura hotuna da bidiyo da duk manhajar da ta yarda, wuri ya buɗe, na shiga bai wa mutane shawarar da ba su tambaya ba. Akwai wani dogon rubutu da ta nuna kafin fomat ɗin. Ban karanta ba.

Ranar muna gidan Anti, falo cike, har da ƙawayenta biyu. Mijinta ya ce yana son bidiyon yaran da na ɗauka. Na ce, “Alhaji, ai turawa ɓata lokaci ne. Kawo wayarka in zura maka katin, ka kwashe gaba ɗaya.”

Auta yana kwance kan kafet, ko kai bai ɗago ba ya ce, “Yaya, ba katin da ka haɗe da wayar ba ne? Kada ka cire.”

Na ce, “Kai, yaushe aka haife ka?” Har aka yi dariya. Wannan dariyar ita ta fi ci min rai yanzu, don ni aka taya.

Babu allurar buɗe tire, Anti ta ciro ɗan kunnenta ta miƙo min. Na soka a 'yar hudar, tire ya fito, na ɗauke katin da farce. Ban kashe waya ba, ban shiga setin na sallami katin ba, alhali ko katin da ba a haɗe ba sai an yi masa haka. Na zura a wayar Alhaji na miƙa masa, na juyo kan tawa. Hotunan manhajoji sun yi fari fat kamar an wanke su, wasu sun ɓace ɗungurum, ga saƙo a sama wai in mayar da kati. Gabana ya ɗan faɗi, amma da a nan aka tsaya babu asara. Mayar da shi kawai zan yi, komai ya dawo.

To amma kun san mijin Anti da babban yatsansa. Mutumin nan bai taɓa karanta abin da waya ta rubuta masa ba tun da na san shi. Duk abin da ya fito, maɓallin dama yake dannawa, ko me aka tambaye shi. Shi ne ya taɓa mayar da wayarsa wani harshen da babu mai karantawa a gidan, aka kira ni cikin dare. Shi ne kuma ya ari cajata mai doguwar igiya wai kwana ɗaya, yau wata na biyar. Ina ganinta a soke bayan kujerarsa duk zuwan da na yi, har tef ya naɗa mata a wuya, alamar ta zama 'yar gida. Na taɓa yin maganar, ya ce wace caja.

Wayarsa ta ce ba ta gane katin ba, a yi masa fomat? Ya danna. Ta sake tambaya, ta ce fa komai zai goge. Ya danna. Sau biyu! Sannan ya ɗago yana murmushi ya ce, “Injiniya, ya buɗe, amma ban ga komai a ciki ba.”

Na karɓa na duba: giga 59, fayau. Na mayar a tawa hannuna na rawa, ta tarbe shi kamar baƙon da ba ta taɓa gani ba. Sai a lokacin Auta ya tashi zaune ya yi bayani a nutse, irin nutsuwar da ke sa mutum ya ji kamar ya kai duka. Wai in an haɗe kati da waya kulle shi take yi, mabuɗin kuma yana cikinta, shi ya sa wata waya ko kwamfuta ba ta iya karanta shi. Wai ko ita kanta aka mayar yadda ta fito daga kamfani, mabuɗin ya tafi, katin ya zama hoto. Wai duk yana cikin rubutun da take nunawa. Ɗaya daga ƙawayen Anti ta tambaye shi ajinsa nawa. Anti kuwa ɗan kunnenta kawai ta ce in ba ta, ashe yana hannuna na lanƙwasa shi.

Da na koma gida na sa wayar ta manta da tsohon katin, na sake sauke manhajojin ɗaya bayan ɗaya. Katin na bar shi na cirewa da mayarwa, na saita kyamara ta riƙa ajiya a kansa, manhajoji kuma suna cikin waya. Hotunan da suka riga suka hau intanet sun dawo, bidiyon yara bai dawo ba.

Jiya Alhaji ya kira, wai wayarsa ta fara cewa babu wuri, yaushe zan shigo. Na ce in zan zo ya ajiye min cajata. Ya ce wace caja.