Ba sabon gini ba ne, gyara shi aka yi

Tun da aka sauya wa babban ɗakin taro na ICC da ke Abuja suna zuwa na Bola Ahmed Tinubu a watan Yunin 2025 nake ganin wasu, musamman matasa, suna cewa wai gwamnatin nan ce ta gina shi. A'a wallahi, kwaskwarima aka yi masa a ƙarƙashin ministan Abuja Nyesom Wike, aka sa masa sabon suna, shi ke nan.

Ginin na zamanin Janar Babangida ne, kamfanin Julius Berger ya gina shi saboda taron shugabannin ƙungiyar haɗin kan Afirka ta OAU da aka yi a watan Yunin 1991, kuma a wannan taron ne aka sa hannu kan yarjejeniyar Abuja ta kafa ƙungiyar tattalin arzikin Afirka. Lokacin fa fadar gwamnati tana Legas, sai 12 ga Disamba na shekarar aka tare a Abuja a hukumance, ka ga kenan ya karɓi shugabannin ƙasashe tun kafin shugaban ƙasa ya tare garin.

Wanda ya kalli tattara sakamakon zaɓen 2015 a talabijin ma ya san cikinsa ko da bai taɓa taka unguwar Garki, inda ginin yake, ba, a nan ne Godsday Orubebe, wakilin jam'iyyar PDP, ya riƙe makirfo yana ta daka wa Farfesa Jega, shugaban hukumar zaɓe na lokacin, tsawa, shi kuwa malam yana zaune ko gezau, sai da mutumin ya gaji sannan aka ci gaba da karanto jihohi.