Mai maganin basir a walimar ɗan Alhaji

Duk wanda ya ce maka haɗa kayan sauti a rak, wato akwatin da ake jera na'urorin a ciki, ɗaure noti ne kawai, bai taɓa aikin walima ba. Rak ɗin da na sayo a Sabon Gari na ƙarfe ne, mai faɗin inci 19, da ƙofa gaba da baya. Na bi ƙa'ida tsaf. Amfilifaya a can ƙasa saboda nauyinta, kada akwatin ya kife in ana tura shi. Na bar gurbi a samanta ta sha iska, tunda zafin Kano bai raga wa mutum ba balle na'ura. Na haɗa wayar at, mai kai wutar lantarki ƙasa, da jikin ƙarfen, kada wani ya dafa ya yi rawa babu kiɗa. Risibar makirufo mara waya, wato na'urar da ke karɓar muryar da yake aikowa, ita ce a sama.

Eriyoyinta biyu suna baya, cikin akwatin, ina rufe ƙofa murya ta fara yankewa, don ƙarfe yana tare sigina. Na jawo su waje da kebul, na kafa su a saman rak kamar kunnuwan zomo. Akwai kuma wani ɗan maɓalli da ke toshe risiba in sigina ba ta da ƙarfi. Na murɗe shi ƙasa, don ta ji ko daga ina Malam ya tsaya.

Ai kuwa ta ji.

Malam na tsakiyar nasiha: "Ango, abu na farko da zai dame ka a gidan aure shi ne..." sai tari ya sarƙe shi, ya kashe makirufo ya ɗauki ruwa. To irin waɗannan makirufo masu arahar, mita ɗaya irin ta tashar rediyo ake saita musu tun daga kamfani, ba a canzawa. Naka ya yi shiru, risiba ta cafki na wani. Wanin kuwa mai maganin gargajiya ne da ya faka motarsa a bayan katanga.

"Basir mai tsiro! Maigida, dare ya yi ka juya wa uwargida baya!"

Ango ya sunkuyar da kai. Wani dattijo a sahun gaba ya gyaɗa kai ya ce wallahi Malam ya faɗi gaskiya. Alhaji ya taso babbar riga na jan ƙasa.

"Kai yaro, wane ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, ta iska yake shigowa."

"To fita ka kore shi ta iskar!"

Malam ya kunna nasa, muryoyi suka kama kokawa: "ka ji tsoron Allah", "ɗari biyar kwalba", "ka ciyar da ita", "safe da yamma, kafin a ci abinci".

Na zagaya a guje na roƙi mutumin. Ya ce ya riga mu zuwa layin, kuma shi ma tun ɗazu wa'azi ke fita ta lasifikarsa yana korar masa ciniki. Sai da na sayi kwalba biyu ya yarda ya kashe.

Ina dawowa dattijon nan ya riƙe min hannun riga, ya yi ƙasa da murya: "Ɗana, ta wane lungu ya faka?"