Alhaji Ba Ya da Ko Sisi

A shekarar 2025, a wani ofishin taimakon shari'a a Kumasi ta ƙasar Ghana, Alhaji Marowaci da mai gadinsa Tanko suna zaune a benci ɗaya, domin tare ake tuhumarsu da rushe katangar maƙwabci a unguwar Aboabo. Alhaji ne ya ba da umarni, Tanko ne ya riƙe guduma.

AKAWU: Kundin tsarin mulki na 1992, a sashe na 294, ya tanadi lauya kyauta ga marasa hali, kuma dokar 2018 ce ta kafa hukumar da ke wannan aiki. Abin da muke fara dubawa shi ne ko samun mutum ya wuce mafi ƙarancin albashi, wanda a 2025 aka yanke shi sidi 19 da fesuwa 97 a rana. Malam Tanko, nawa kake samu?

TANKO: Ranka ya daɗe, ga takardar albashina, sidi 21 ne a rana, kuma a ciki nake biyan haya, in ciyar da yara biyar da tsohuwata.

AKAWU: To, ka haura layin da sidi ɗaya da 'yan fesuwa.

TANKO: Wane lauya ne a unguwar Adum zai buɗe jakarsa a kan sidi ɗaya?

AKAWU: Wannan tambayar ba ta cikin fom. Alhaji, kai fa?

ALHAJI: Ni ban taɓa karɓar albashi ba tun da uwata ta haife ni, saboda haka ka rubuta sifili, ka kuma danna biro sosai domin ya fito.

AKAWU: An ce kana da shaguna a kasuwar Kejetia.

ALHAJI: Na uwargida ne, ni dai ina riƙe mata makullai.

AKAWU: Motocin haya da ke zuwa Tamale fa?

ALHAJI: Na amarya ne, kuma ba na shiga harkar mata.

AKAWU: Agogon zinariyar da ke hannunka?

ALHAJI: Hannun ne kawai nawa.

TANKO: Wato ni da na kawo takarda na zama mai kuɗi, shi da ya kawo babbar riga mai aska takwas ya zama miskini?

AKAWU: Ka kwantar da hankalinka, doka ta ba hukuma damar duba halin mutum ko da ya haura layin, sai dai lauyoyin kaɗan ne, masu jira kuma suna da yawa, har da waɗanda ke tsare a kurkuku ba a yanke musu hukunci ba. Amma Alhaji, sa hannun wa nake gani a ƙasan takardar albashin nan?

ALHAJI: Ya yi kama da nawa.

AKAWU: Mutumin da ba ya da ko sisi, da me yake biyan mai gadi?

ALHAJI: Ka ga, ɗana, kada mu tsawaita magana. Tunda sidi ɗaya ne ya hana bawan Allah nan lauya, daga yau na rage masa sidi biyu, fisabilillahi. Tanko, ba za ka yi godiya ba?