Fim ɗin da na kalla a ranar marka

Kwana uku ke nan rana ba ta leƙo Zariya ba. Markar watan Agusta ce da muka saba da ita, ruwa bai tsuge ba kuma bai ɗauke ba, sai yayyafi tun asuba har isha'i, shanya ta ƙi bushewa, lungunan Samaru duk sun caɓe. Jiya da na ga babu halin fita, sai na dafa shayi mai citta da kanumfari, na ja bargo, na kunna wani fim na 2015 mai suna Brooklyn, wanda ya daɗe cikin kwamfutata ban waiwaye shi ba.

Labarin wata budurwa ce, Eilis, 'yar wani ƙaramin gari a ƙasar Ayilan, wadda rashin aiki ya sa ta hau jirgin ruwa zuwa New York a farkon shekarun 1950, zamanin da kusan mutum 400,000 suka bar ƙasar cikin shekara goma, alhali jama'arta ba su kai miliyan 3 ba. Wani limamin coci ya sama mata aikin kanti da ɗaki a gidan haya na 'yan mata, tana kuma karatun akanta da daddare, har ta haɗu da wani saurayi mai gyaran famfo ɗan asalin Italiya. Sai yayarta ta rasu, ta koma gida ta'aziyya, ta tarar da wani saurayin da aikin yi suna jiran ta, bayan ta riga ta auri mai gyaran famfon nan a ɓoye kafin ta taso.

Na tabbata da a zafin watan Afrilu na kunna shi, da ban kai rabi ba, domin fim ne mai tafiyar hawainiya, babu faɗa babu tsere, sau da yawa fuskar Saoirse Ronan, jarumar da ta fito a matsayin Eilis, kawai ake nuna maka tana karanta wasiƙa. Irin wannan sai zuciya ta lafa, kuma marka ta iya lafar da zuciya. Idan garin ya lumshe, kana jin ɗigar ruwa a kan kwano, ba ka gaggawar komai, sai ka samu haƙurin zama da mutumin da kewa ta hana shi cin abinci.

Wurin da ya fi taɓa ni babu soyayya a cikinsa sam. Ranar Kirsimeti ce, Eilis tana raba abinci ga tsofaffin leburori 'yan ƙasarta, waɗanda suka ƙarar da ƙarfinsu wajen gina gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, ba su tara komai ba kuma babu wanda ya rage musu a gida, sai ɗayansu ya miƙe ya rera waƙa da harshensu. Nan take na tuna ƙanen kakana. Fataucin goro ya kai shi Kumasi yana saurayi, ya yi aure a zango, ya shekara ashirin da wani abu, har gwamnatin Busia, firaministan Gana na lokacin, ta kori baƙi marasa takarda a 1969. Ya dawo Tudun Wada da akwati ɗaya da Hausar da ta sha ruwan Gana, yara suna kwaikwayon maganarsa, ya rasu ana kiran sa Ɗan Kumasi, bayan a can ma baƙo ake ce masa. Mu da muke da Sabon Gari, unguwar da aka kafa domin baƙin da jirgin ƙasa ya kawo, bai kamata irin wannan labari ya yi mana nisa ba.

Sai dai ina da ƙorafi, kuma ba a kan auren ɓoye ba ne, ko da yake a wurinmu aure babu waliyyi magana ce babba. Damuwata uwar Eilis ce. Mijinta ya rasu, babbar 'yarta ta rasu, ƙaramar kuma ta sake haɗa kaya, fim ɗin yana so mu yi murna da cewa ta zaɓi mijinta da sabuwar rayuwarta. Na yarda ba ta da wata mafita tunda igiyar aure na kanta, na kuma ga yadda tsegumin ƙaramin gari ya tuna mata abin da ya kore ta tun farko. Amma an wuce da batun tsohuwar da sauri fiye da yadda ya kamata. A daren ƙarshe ta rungumi 'yarta, ta yi mata sallama tun a lokacin domin ba za ta iya yi da safe ba, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, kyamara kuwa ta bi matashiyar zuwa jirgi. Ni dai a bakin wannan ƙofa aka bar ni, har shayin ya huce a hannuna, ruwa na ci gaba da ɗiga daga indararo.