Matasan ikkilisiya, wa ya yi muku alkawarin gobe?

'Ya'yana matasa, salama a gare ku cikin sunan Yesu. Abin da na gani ranar Asabar a wajen jana'iza ne ya hana ni yin shiru. Yaro ne ɗan ikkilisiyarmu, ko talatin bai kai ba, ya fita da mashin ɗinsa da safe lafiya lau, kafin azahar an bugo wa mamansa waya. A bakin kabari fasto ya ce duk wanda ya san bai daidaita da Ubangiji ba ya tsaya a yi masa addu'a, sai ga abokansa, waɗanda suka ɗauko akwatin da hannunsu fa, suna zamewa ɗaya bayan ɗaya zuwa gindin mangwaro suna latsa waya. Na tare ɗaya na ce ɗana ba za ka tsaya ba? Wai "Baba akwai lokaci, bari in natsu tukuna."

Haba! Akwai lokaci a hannun wa? Shi wanda muka rufe da ƙasa an tambaye shi ko ya natsu?

Wannan tukunan ne yake ci mini rai. Sai na gama makaranta tukuna. An gama, sai na dawo daga bautar ƙasa. An dawo, sai na samu aiki, sai na yi aure, sai yara sun ɗan tasa. Kowace shekara ana sanarwar ajin baftisma, kowace shekara ka ce baɗi, ga ka da gemu har yanzu in za a ci Jibin Ubangiji kai ne na farkon fita waje. Kana gaba da ɗan'uwanka shekara da shekaru a kan gona, wai za ku shirya a Kirsimeti. Wace Kirsimeti? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku buɗe Ayyukan Manzanni 24. Bulus ya yi wa gwamna Filikus maganar adalci da kamun kai da shari'a mai zuwa, mutumin nan har tsoro ya kama shi, amma ya ce Bulus ya tafi tukuna, in ya samu zarafi zai kira shi. Shekara 2 Bulus na tsare a hannunsa, yana ta kiransa suna magana don yana sa ran cin hanci, har aka sauke shi ba mu ji ya tuba ba. Yakubu 4:14 ya ce ranmu hazo ne, ya bayyana kaɗan ya watse. Mai arzikin nan na Luka 12 yana cikin lissafin rushe rumbuna ya gina manya, a daren aka nemi ransa. Kuma don Allah ku daina kawo mini ɓarawon kan gicciye, wai ai shi ma a ƙarshe ya tuba. Su biyu ne a wurin, ɗayan fa?

Abin haushi, ba komai kuke ɗagawa ba. In Arsenal za ta buga, tun kafin a kunna janareta kun cika benci. Shagon cacar ƙwallo ba mai cewa sai gobe, masu tramol da burkutu ma haka, balle ku 'yan mata da kuɗin ankon biki, a ranar ake biya. Allah kaɗai ake ce wa ya jira. Wanda bai ji bari ba ai zai ji hoho, kuma da na sani ƙeya ce.

Ku koma ga Ubangiji yanzu, ku nemi fasto ko wani dattijo ku zauna da shi, ku gyara abin da kuka san yana nan.

Iyayenmu da ko firamare ba su yi ba, da fitilar aci-balbal suke zuwa addu'ar asuba cikin sanyin hunturu, 'yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai suna taka ƙauye ƙauye da ƙafa suna wa'azi, mutum ya ji kira yau, yau ɗin zai fito da layunsa a ƙone gaban jama'a. Tun 1932 aka samu Littafi Mai Tsarki da Hausa, gida guda kwafi guda, ana karɓa-karɓa har bango ya yage. Yau yana cikin wayar kowannenku kyauta, an bi an tura shi can bayan TikTok, kuma mu iyaye muna kallo mun yi gum don kar yaro ya yi fushi.